Benci Ashirin na Aro

Wane ne a cikinku, ku sababbin malamai, ya ce koyarwa aikin hutu ce? Kai ne, mai farar hula? To gyara zama. Shekara talatin da biyar na yi ina shaƙar garin alli tsakanin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, ban taɓa cin karo da hutun nan da kake faɗi ba. Kun ɗauka mutum ya shiga aji, ya juya wa yara baya, ya yi ta zane-zane har a kaɗa ƙararrawa, shi ke nan an yi aiki. Wallahi da haka ne da ba a wahalar da kowa zuwa kwaleji ba.

Aikina na farko a wani ƙauye ne bayan Sabuwa, ƙarƙashin wani tsohon hedimasta, Malam Bawa, Allah ya jiƙansa. Na zo da takardar shaidata ina hura hanci. Sati biyu bai bar ni na buɗe baki gaban yara ba. Ya miƙo mani tsofaffin baturan tocila da ƙwaryar ƙaro, ya ce in baƙanta allo. Fasa batir za ka yi, ka kwashe baƙin garin da ke ciki, ka dama da ruwan ƙaro, ka shafa da tsumma daga sama zuwa ƙasa, ka bari ya sha iska. In ƙaron ya yi yawa, allo ya ɗauki ƙyalli, yaron da ke gefe ba ya ganin komai. In ya yi kaɗan, duk wanda ya jingina ya koma gida da baƙar riga, uwarsa ta biyo ka har aji. Sau uku ina shafawa yana sa ni ina wankewa. Da allon ya yi masa, sai layi. Zare ake turmusawa cikin garin alli, a ja shi a jikin allo, a ɗaga tsakiyarsa a saki, ya bar layi miƙaƙƙe. Alli ɗaya kuma kashi uku ake karya shi, ba ka fitar da na biyu sai na farko ya ƙi riƙuwa.

A wurinsa na koyi cewa yaro ba ya koyon rubutu a kan gwiwa. Karatu, e, ko a gindin kuka ana yi. Lissafi ma ana yi da tsinken kara da ƙwallon goruba. Amma rubutu yana son wurin ɗora hannu. Yaron da ya fara a kan gwiwarsa, haruffansa kwanciya suke yi, littafinsa ya cika da ƙasa, fensir ya huda takarda, kafin wata uku ya tsani abin gaba ɗaya. Malam Bawa yana da benci goma sha biyu na zamanin En'e, masu haɗe da teburi, yana kula da su kamar shanun huɗa. Ƙusa ta leƙo, shi da kansa zai buga ta.

Abu na uku da ya koya mani shi ne tarbar sufeto, kuma shi ne ya kashe ni daga baya. A zamaninsa sufeto malami yake zuwa kamawa. Zai duba rajista, ya duba littafin shirin darasi, ya duba farcen yara, ya jijjiga benci. Ya sami karyayye, takardar tuhuma ce a kanka, ba ruwansa da wanda ya karya. Saboda haka in an ji sufeto na tafe, sai a share, a shafe bango da farar ƙasa, abin da babu a aro a maƙwabta. Ba mu ɗauke shi ha'inci ba. In za ka yi suna ba tabarmin maƙwabta kake arowa ba? Baƙo zai zo, ka rufa wa gidanka asiri, iyakar abin ke nan.

Ina koyarwa a wajen Tafoki kuɗin mai suka shigo ƙasar nan. Lokacin muna ƙarƙashin Kaduna, ba a yanke mana jiha ba. Kai, kun rasa kallo! Wanda jiya yake dillancin awaki yau ɗan kwangila ne, ya zo da mota yana nuna wa injiniya inda za a haƙa. Rediyo kullum ilimi kyauta, ilimi ga kowa, kowane ƙauye makaranta. Muka yi murna, don me ba za mu yi ba? Aka kira ni aka ce an ba ni hedimasta a wata sabuwar makaranta, a wani ƙauye gaba da Ketare. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsu na nan.

Na isa a kan keke na tarar da allon sanarwa. Wani ƙaton allo na ƙarfe, an shafa masa fenti kore da fari, sunan makaranta da Turanci rangaɗau. A bayansa ɗaki biyu na laka da mutanen gari suka gina da gayya, ɗaya da rufin kara, ɗaya sama buɗe. Ba benci ko ɗaya. Bayan wata guda aka aiko mana kaya daga ofishin ilimi, na buɗe akwati. Agogon bango ne, da ƙwallon taswirar duniya mai juyawa, da usur guda biyu. Alli babu. Don Allah ku gaya mani, wanda ya zauna ya rubuta a sayo wa wannan makaranta agogon bango, ya taɓa ganin bangon? Na rataye tsohon bakin garma a reshen marke ya zama ƙararrawa, na fasa batura, na baƙanta bangon laka, na shiga neman ɗalibai.

Neman ɗalibai sana'a ce mai zaman kanta, ba a koyar da ita a kwaleji. Gida gida za ka bi, ka durƙusa, ka gaisa, ka tambayi gona, ka tambayi dabbobi, ka sha fura, sannan ka kawo maganarka a ƙarshe kamar yanzu ta faɗo maka. Yaron da aka ba ka, ka sa ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. In ya kamo, ya isa shiga. Sati uku ina yawo na sami yara tara, yawancinsu marayu. Mai Unguwa ya ja ni gefe ya ce, “Malam, kana wahalar da kekenka. Garin nan Sarkin Noma suke kallo. In ya ba ka nasa, ka sami gari. In ya hana, ko ni ban isa ba.”

Sarkin Noma dattijo ne dogo, mara yawan magana, rumbunansa sun fi ɗakunan kwanansa yawa. Na same shi yana ɗaure dawa. Ya bar ni na gama jawabina tsaf, sannan ya ce, “Malam, na je na ga makarantar taka. Awakina sun fi ta rufi. Mi zai sa in ɗauke ɗiya daga gona in kai su zama cikin ƙasa?”

Na ce, “Baba, gwamnati na da kuɗi yanzu. Kafin ruwa ya sauka za a kawo kwano da benci.”

“Kai ka ce, ko gwamnati ta ce?”

Da na yi shiru nan da ya fi mani. Amma ina da ƙuruciya, ga rediyo a kunnena. Na ce, “Ni na ce, Baba. In ruwa ya sauka ba su zo ba, ka zo ka kwashi abinka, ba zan ce uffan ba.”

Ya ce, “Na riƙe ka.” Washegari ya aiko da biyu, Lawal da ƙanwarsa Rabi. Kafin sati ya zagayo ina da yara sun haura ɗari, ni da malamai biyu da aka yi wa horon gaggawa, ɗayansu in ya rubuta a allo sai na bi na gyara a ɓoye. Yara a kan duwatsu, a kan kututture, a kan buhu. Lawal dai ƙwallo ya sa a gaba. Rabi kuwa, a shekarun da na yi ban koyar da mai kai irin nata ba. Da yatsa take rubutu a ƙasa, kafin in gama faɗin lissafi ta share ta zauna tana jiran wani. Ta haddace baƙaƙe cikin sati biyar. Nakan dube ta in ce a raina, wannan in ta sami teburi da littafi, sai inda ƙarfinta ya ƙare.

Ana tsakiyar rani takarda ta zo. Layi biyu ne: za a zo duba makaranta ranar Talata. Ba a ce duba mi ba, ba a ce don mi ba. Ni kuwa almajirin Malam Bawa, jikina ya san abin yi tun kafin kaina ya yi tunani. Na hau keke sai tsohuwar makarantar da ke gaba da mu, wurin hedimastanta Malam Garba. Yana da benci ashirin. Ya ce, “Ɗauka, amma Laraba su dawo, ni Alhamis ne nawa. Juma'a kuma na yi wa wani alkawarinsu.” Ya haɗa mani da littattafan karatu talatin.

Da gari ya ji baƙon gwamnati na tafe, kowa ya tashi. Sarkin Noma da kansa ya ɗaura shanunsa a amalanke, sawu uku ya yi yana kwaso benci. Ya ce, “Ba za a zo daga birni a ga tsiraicinmu ba.” Samari suka yanko kara suka rufe ɗakin da ba rufi, aka lulluɓe da zana. Mata suka shafe bango da farar ƙasa, har agogon nan na samu na rataye. Sai na lissafa, benci ashirin mutum uku uku, sittin ke nan. Yarana sun haura ɗari. Kun san abin da na yi? Na ce ƙananan da marasa riga mai kyau su huta a gida ranar Talata. Ni da bakina na faɗa.

Ranar Litinin aka jera benci, na ce yara su zauna su gwada. Rabi ta zauna a na gaba, ta shafa teburin da tafin hannunta, ta ɗora littafi ta rubuta sunanta. Ta ɗago ta ce, “Malam, ashe rubutu ba shi da wuya.” Na ji daɗi ƙwarai.

Sufeto ya iso da hantsi cikin farar mota. Yaro ne matashi, bai fi ku ba, da takalmi mai ƙyalli da wata doguwar takarda mai gida gida. Ya tsaya a ƙofar aji, bai shiga ba. Yara suka miƙe suka gaishe shi da Turancin da muka kwana uku muna bita. Ya ƙirga kai da bakin biro, ya ƙirga benci, ya ɗaga ido ya ga rufi, ya rubuta. Bai buɗe rajista ba, da ya buɗe da ya ga sunaye sun ninka abin da ya ƙirga. Bai ɗaga littafi ɗaya ba, da ya ɗaga da ya ga hatimin makarantar Malam Garba a bango. Bai tambayi yaro ko ɗaya ko biyu a tara da biyu nawa ne ba. Aka kai shi inuwa, ga dambun kaji, ga fura da nono, ga dattawan gari zagaye da shi. Yana goge hannu ya dube ni ya ce, “Hedimasta, akwai wata matsala?”

Gaban Mai Unguwa, gaban Sarkin Noma, gaban mutanen da suka kwana biyu suna shafe bango, mi kuke so in ce? Abin da uwata ta koya mani in faɗa in baƙo ya tambayi gida, shi na faɗa. Na ce, “Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe.” Ya miƙo takardar ya nuna mani wuri, na sa hannu ban karanta ba. Aka saka masa ƙwan zabi da kaji biyu a bayan mota. Laraba benci suka koma. Alhamis ya ƙirga su wurin Malam Garba. Juma'a ya sake ƙirga su a makaranta ta uku. Benci ashirin ɗin nan dai, akwai ma wani mai ƙunar fitila a gefe da ko makaho zai shaida, mutumin da ake biya don ya gani ya ƙirga su sau uku bai gane ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ana sharar gona, muna cikin darasi sai muka ji ƙugin manyan motoci. Guda uku ne, ɗauke da kwanon rufi da siminti da sababbin benci an ɗaure su ƙafa sama, suna ƙamshin katako. Yara suka watse daga aji suna ihu, “Sun zo! Sun zo!” Ni ma na fito ina gyara hula. Motocin suka rage gudu saboda yara, suka wuce allon sanarwarmu, suka miƙa. Na bi su da keke ina ɗaga hannu har ta ƙarshe ta tsaya a bakin rafi. Direba ya zaro takarda ya duba ya ce, “Malam, ba sunanku. Makarantar Malam Isiya aka ce.”

Malam Isiya! Hedimastan da rabin sati yana kasuwa yana cinikin auduga. Ranar da sufeto ya je masa ba ya nan, ya manta. Aka tarar da yara zube a gindin itace suna dambe, ba malami, ba allo. Shi ya sami takardar tuhuma ɗaya, wadda ya ninke ya sa a aljihu, da ginin aji huɗu na siminti cike da benci. Mu uku da muka share, muka yi wanka, muka tarbi baƙo da mutunci, ba mu sami ko ƙusa ba.

Washegari na tafi ofishin ilimi. Na wuni a kan dakali kafin akawu ya saurare ni. Ya jawo fayil ya buɗe mani takardar nan mai gida gida, sai lokacin na karanta kanta. Ashe ba malami aka zo kamawa ba, ƙidayar abin da kowace makaranta ta rasa aka zo yi, don a raba kaya. Gaban sunanmu an rubuta ɗalibai sittin, benci ashirin, rufi akwai, littattafai akwai, buƙata babu.

Na ce, “Benci na aro ne! A zo a sake dubawa, yau ɗin nan a zo!”

Ya ce, “Wannan ba sa hannunka ba ne?”

“Nawa ne. Amma mi ya hana ku rubuta mana abin da za a zo yi? Layi ɗaya fa!”

Ya ɗaga kafaɗa ya ce an rufe rabon bana, sai zagaye na gaba. Har na kai ƙofa ya kira ni, ya ce af, ga saƙona. Takardar yabo ce. An yaba wa hedimasta bisa tsafta da kyakkyawan tsari, a ci gaba da haka. Na tsaya a rana ina karantawa, raina ya ɓaci har idona ya rufe. Laifina ban musa ba, na yi wauta. Amma ƙasar da ke da kuɗin zuba siminti a kowane lungu, a ce makomar yara ɗari ta rataya ga mutumin da bai iya tsallake ƙofar aji ba? Mutanen da suka san mu, suka san ba ma kuka gaban baƙo, a cikinmu aka haife su, su aiko da takarda mai layi biyu? Zagaye na gaba kuwa, har kuɗin man suka ja baya ban gan shi ba.

Ruwan farko da safe ya sauka, ana tsakiyar darasi. Rufin karan nan bai yi minti goma ba ya fara zuba. Baƙin allo ya narke ya gangaro bango. Ƙasa ta zama taɓo, ba wurin zama, yara suka miƙe tsaye suna cusa littattafai cikin riga. Da ruwan ya tsagaita na ga mutum a ƙofa da malafa da fartanya a kafaɗa. Sarkin Noma ne.

Ya ce, “Malam, ruwa ya sauka.”

Na ce, “Ya sauka, Baba.”

Ya dubi ƙafafun yara cikin taɓo. Ya ce, “Na ji abin da ya faru. Da shanuna aka kwaso bencin nan, ba kai kaɗai ka yi ba. Amma alkawari naka ne.”

Na so in roƙe shi ya bar mani Rabi ita kaɗai. Na buɗe baki, na tuna ni na ce ba zan ce uffan ba. Ya kira sunayensu. Lawal ya fita da gudu yana murna. Rabi ta zaro littafinta daga riga, ta miƙo mani a bushe, ta bi bayan ubanta. Kafin Juma'a saura yara goma sha huɗu a makarantar. Da kaka na sake bin gidaje, aka yi ta ba ni fura ana tambayar lafiyar iyalina, ba wanda ya ba ni yaro. Shekara biyu bayan haka aka ɗauke ni aka mayar wajen Yargoje.

To kai mai farar hula, alli da rajista kowa na iya riƙewa. Ranar da aka zo duba ku, kada wanda ya share mani ko tsinke. Ku tara yara duka, har mai tsumma, ku zaunar da su inda suke zama kullum. In an tambaye ku matsala, ku ajiye kunya ku jawo hannun mutum ku shigar da shi cikin ajin.

Bayan na yi ritaya, wata ranar kasuwar Ƙanƙara ina zaune a rumfar wani abokina, wata mata da goyo ta durƙusa ta gaishe ni. Ban shaida ta ba sai da ta ce ita ce Rabi ta gidan Sarkin Noma. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyyar mahaifinta. Sai ta kwance bakin zane ta fito da takarda a ninke. Ta ce sakamakon jarrabawar ɗiyarta ne, ta sa ta makaranta, tun jiya take neman wanda zai duba mata ba tare da ya yi mata dariya ba. Ta buɗe, ta ɗora yatsa a kan layin da aka rubuta sunan uwa.

Ta ce, “Wannan harafin na farko na gane shi, Malam, na sunana ne. Sauran duk sun gudu. Karanta mani.”